Tambayi Gwaggo: Abokin aikina zai kai mahaifiyarsa Kedarnath

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni mazaunin Karantina ne a Jidda, ina aiki a wani sito na kayan abinci kusa da tashar jiragen ruwa. Shekara shida ke nan muna aiki tare da wani ɗan Indiya mabiyin addinin Hindu, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya. Mutumin kirki ne. Daren da naƙuda ta kama iyalina ba mu da mota, shi ya taso ƙarfe biyu ya kai mu asibiti, ya kuma zauna a waje har gari ya waye. Bara mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa mai shekara 67, wadda ke zaune kusa da Lucknow kuma tana fama da hawan jini da ciwon suga, ta yi alwashin zuwa wani wurin bautarsu da ke kan dutse mai suna Kedarnath, shi kaɗai ne kuma ɗanta namiji. Kamfani ya ba shi hutu a watan Yuli. Wani ɗan kamasho ya same shi a WhatsApp, ya ce zai shirya musu komai cikin kwana huɗu har da jirgi mai saukar ungulu, a turo rabin kuɗi tun yanzu. Da yake ya san ina tura alhazai a keke a Harami lokacin azumi da lokacin Hajji, sai ya ce in ba shi shawarar yadda ake tafiya da tsohuwa. Gwaggo, me zan ce masa? Kuma ba laifi ni Musulmi in sa baki a wannan harka?

Daga ɗanki a Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya abin da aka samu, ka gaishe min da mai jego ko da an daɗe da suna.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, don na ga ita ce ta hana ka barci. Abin da suke bauta wa a can ba namu ba ne, ba kuma wanda ya ce ka je, ko ka yabi bautar. Mutumin nan ya tambaye ka yadda zai kai uwarsa ya dawo da ita da rai. Aya ta takwas a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, mu kuma yi musu adalci. Wanda ya tashi tsakar dare ya kai matarka asibiti ya wuce a ce bai yaƙe ka ba. Idan magana ta kai ga ka saka kuɗinka a tafiyar, wannan ka zauna da malamin da kake karatu a wurinsa. Amma shawarar da za ta hana tsohuwa mutuwa a gefen hanya, ni dai ban ga dalilin riƙe ta ba. Na yi shekara ashirin da biyu ina aikin jinya, mafi yawan lokutan Hajji a Mina nake yin su, kusan rabin abokan aikina kuwa 'yan Indiya ne, cikinsu har da wata 'yar Dehradun da muka raba ɗaki da ita tsawon shekara huɗu. Garinsu shi ne babban birnin jihar da wannan dutse yake, ta hau shi sau biyu, a bakinta na fara jin sunan.

Kedarnath yana jihar Uttarakhand ne, a arewacin Indiya, cikin tsaunukan Himalaya, a gundumar Rudraprayag, kusa da inda kogin Mandakini ya faro. Tsohon ɗakin bauta ne na dutse da suka keɓe wa Shiva, ɗaya daga cikin wurare goma sha biyu mafi girma a wurin masu bauta masa, kuma ɗaya daga cikin wurare huɗu da suke kewayawa a jihar: Yamunotri, Gangotri, Kedarnath da Badrinath. Tsayinsa daga bakin teku mita 3,583. Ka riƙe wannan lamba, don duk maganarmu a kanta za ta tsaya. Jidda da kake zaune a bakin teku take. Al-Hada da ke hanyar Ɗa'if, inda muke zuwa shan iska har mu nemi rigar sanyi, wajen mita dubu biyu ce. Ko Jabal Sauda na Asir, wanda duk Saudiyya ake alfahari da tsayinsa, wajen mita dubu uku ya tsaya. Garin wannan tsohuwa kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, huhunta bai taɓa sanin irin wannan iska ba.

Mota ba ta kaiwa. Daga Rishikesh ana bin kogi ta Devprayag da Rudraprayag da Guptkashi har Sonprayag, tafiyar sama da kilomita ɗari biyu da kan cinye yini guda saboda kwane-kwane. A Sonprayag ake ajiye motar gida, a shiga ƙananan motocin haya na kilomita biyar zuwa Gaurikund. Nan kwalta ta ƙare. Daga Gaurikund, wanda ke ƙasa kaɗan da mita dubu biyu, sai tafiyar kusan kilomita 16 zuwa sama. Kai da ka san Safa da Marwa, kai-komo bakwai ɗin nan kilomita uku ne da ɗoriya, a kan marmara mai sanyi, ƙarƙashin na'urar sanyaya wuri, ka kuma san yadda tsofaffi ke ƙarasa shi. To ka ninka shi sau biyar, sannan ka ɗaga shi tsaye. Hawan da za a yi tsakanin Gaurikund da ɗakin bautar wajen mita 1,600 ne. Hasumiyar agogon Makka mita 601 ce. Ka ɗora biyu a kan juna, ka ƙara fiye da rabin ta uku. Haka za ka kwatanta masa, don shi ma yana hango hasumiyar a hotuna kullum.

Yanzu watan Yuli. Ka ce masa Gwaggo ta ce a'a.

Wurin ba ya buɗe duk shekara. Ana buɗe shi ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, a rufe bayan bikinsu na Diwali, cikin Oktoba ko Nuwamba, saboda dusar ƙanƙara na binne garin. Tsakiyar waɗannan watanni shida kuwa damina ce, Yuli da Agusta, kuma daminar tsauni ba irin ta Kano ba ce da za a fake a zaure a jira ta ɗauke. Ƙasa ce ke zaftarewa ta rufe hanya, duwatsu na gangarowa a kan masu tafiya. A ranakun 16 da 17 ga Yunin 2013, tun damina ba ta kankama ba, ruwan sama mai yawa ya sauka, tafkin Chorabari da ke saman garin ya ɓalle, ya share kusan duk abin da ke kewaye da ɗakin bautar. Wani zango mai suna Rambara da ke tsakiyar hanya, inda matafiya kan kwana, ya tafi gaba ɗaya. Mutanen da aka rasa a faɗin jihar sun haura dubu biyar. Dalilin da ya sa hanyar ta ƙara tsawo ke nan, da kilomita 14 ce, aka sake yanka sabuwa ta ɗaya gefen kogin. Kada ya ce wannan tsohon labari ne. Daren 31 ga Yulin 2024 ruwa ya sake yanke hanyar a wajen Bhimbali da Linchauli, dubban mutane suka maƙale a sama sai da aka yi kwanaki ana kwashe su.

Na san abin da zai ce maka. Watan da suke kira Sawan, wanda ke faɗowa tsakanin Yuli da Agusta, wata ne mai daraja wurin masu bautar Shiva, wataƙila uwar ma shi take so. Sannan hutu ba a hannunsa yake ba. Duk na yarda. Amma alwashin da ta yi na zuwa ne, wurin kuma yana nan a buɗe bayan damina. Mayu da farkon Yuni babu ruwa sosai, sai dai cunkoso, don a shekarun nan mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ke zuwa a kaka guda, mafi yawansu kuma a makonnin farko. Layin shiga kaɗai kan cinye sa'o'i. Ni da zan zaɓa mata, rabin ƙarshe na Satumba zuwa farkon Oktoba zan zaɓa: ruwa ya ɗauke, jama'a sun ragu, sanyi bai kai intaha ba. A nan ne kai za ka yi masa amfanin da ba wanda zai yi masa. Ka je wurin mai kula da ku, ka ce kai za ka karɓi Yuli shi ya ɗauki Satumba, ko ka riƙe masa wani ɓangare na aikinsa. Ya kuma duba Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ya tabbata bizarsa ta fita da dawowa da iƙamarsa sun ba shi sarari, kada ranar ƙarewa ta riƙa tura shi yana tura tsohuwa.

Ɗan kamashon nan kuwa, kada a tura masa ko riyal ɗaya. Duk mai zuwa Kedarnath dole ya yi rajista da hukumar yawon buɗe ido ta jihar, kyauta ake yi, ta intanet, abokinka zai iya yi daga ɗakinsa a Jidda da katin shaidarsu na ƙasa. Tikitin jirgi mai saukar ungulu kuma wuri ɗaya tak ake sayar da shi, shafin IRCTC, kamfanin da ke sayar da tikitin jiragen ƙasa na Indiya, sai da lambar rajistar ma ake samu. Duk shekara 'yan sandan jihar na gargaɗi a kan shafukan bogi da masu karɓar kuɗi ta waya. Mu nan ai ba baƙi ba ne a wannan ciwo. A Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu a zafin nan, hukuma ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin aikin Hajji, da yawansu waɗanda aka karɓi kuɗinsu ne aka sake su a rana ba tanti ba mota. Masu cin kuɗin matafiyin ibada halinsu ɗaya ko'ina, sun san mai niyya ba ya son a ce masa dakata.

Sai maganar kwana huɗu, wadda ta fi damuna fiye da kuɗin. A tsayin Kedarnath, duk numfashin da mutum ya ja, iskar oksijin da ke shiga ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda yake samu a Jidda ba. Jiki na iya sabawa, yana ƙara saurin numfashi, zuciya na ƙara bugu, ƙoda na gyara jini, amma kwanaki yake buƙata, ba kuma a sayen kwanakin da kuɗi. Ciwon tsauni kan fara ne daga wajen mita 2,500, galibi bayan sa'a shida zuwa goma sha biyu da isa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin cin abinci, rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfi, saurayi ɗan ƙwallo na iya kwantawa tsohuwa ta wuce lafiya. Abin da ya sa nake jin tsoro a kanta shi ne zuciya. Mai shekara 67 da hawan jini da suga na iya samun toshewar jijiyar zuciya ba ta sani ba, domin suga na kashe jin zafi, ciwon ƙirjin da zai yi wa wani gargaɗi ita ba lallai ta ji shi ba. A gida tana shara tana girki lafiya lau. Sai an haɗa mata sanyi da hawa da ƙarancin iska abin zai fito. Yawancin waɗanda ke mutuwa a wannan hanya duk shekara zuciya ce da numfashi ke kashe su, ba faɗuwa ba. Gwamnatin jihar da kanta tana ba da shawarar a ware aƙalla kwana bakwai, masu irin ciwonta kuma su ga likita kafin su taso.

Saboda haka tafiyar daga ɗakin likita za ta fara, wata biyu ko uku kafin ranar tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kai ta wurin likitan zuciya, a faɗa masa sunan wurin da tsayinsa ƙarara, a yi mata hoton bugun zuciya, in ya ga dama har gwajin tafiya a kan na'ura. A auna sugar da ke nuna matsakaicin wata uku, a duba ko jininta ya isa, don matan da ba sa cin nama sau da yawa jininsu kan yi ƙasa, mai ƙarancin jini kuma tun daga ƙasa oksijin ɗinsa bai cika ba. Akwai ƙwayar da ake ba masu hawa don rage ciwon tsauni, acetazolamide, amma likita ne zai rubuta, don tana sa yawan fitsari, tana kuma iya karo da maganin hawan jinin da take sha da na suga. Kada ya saya a kemis don wani ya ce masa tana aiki. Daga ranar kuma ta fara tafiya kullum da safe, rabin sa'a, tana ƙarawa, tana hawa bene, cikin takalmin da za ta sa a can. Shi ma haka. Mai zama kan motar ɗaga kaya sa'a goma ba shi da ƙafar da yake zaton yana da ita. Ku riƙa fita Kornish, bakin tekun Jidda, tare bayan isha'i, ranar hutu ku hau matakalar bene da jaka a baya.

Tunda na ambaci jini, bari in ɗan ratse domin namu mutanen. Duk mai sikila, ko mai yaro mai sikila, ya yi hattara da wurare masu tsayi, har da Abha da Sauda da muke kai yara hutun bazara. Ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne ke tayar da ciwon. Ko mai AS da bai taɓa kwanciya ba, saifa kan iya kama shi da ciwo mai tsanani a hagun ciki in ya hau da sauri. Na ga haka da idona a kan wani saurayi ɗan unguwarmu da aka sauko da shi daga kudu.

In likita ya yarda, ga yadda zan tsara mata, kwana tara ko goma daga gida zuwa gida. Kwana ɗaya a Haridwar ko Rishikesh. Kwana biyu a Guptkashi, wajen mita 1,300, ta huta daga jijjigar mota, ta ɗan zaga gari. Kwana ɗaya a Sonprayag ko Gaurikund. Sannan a tashi da asuba, don yanayin tsauni da safe yake da kyau, da yamma gajimare ke taruwa, in rana ta yi nisa ma jami'ai kan tsayar da masu hawa. Sauran kwanakin na jira ne, ranar da aka rufe hanya ko ranar da ta tashi ba daɗi. Wanda ke da kwanan jira a aljihu ba ya yin gardama da gajimare.

Da me za ta hau? Ƙafa dai a cire ta a lissafi. Akwai alfadarai da ƙananan dawakai, su suka fi araha, amma sa'a huɗu ko biyar a kan sirdi ga wadda ba ta taɓa hawa ba, a kan matakalar dutse mai santsin ruwa da kashin dabbobi, ni ban so mata ba, saukowar ma ta fi hawan wuya. Akwai kandi, kwando ne da mutum ɗaya ke goya matafiyi a ciki, ya fi dacewa da yaro ko marar nauyi, ƙafafu kuma na sagewa. Akwai dandi, wasu na cewa falki, kujera ce da ƙarti huɗu ke ɗauka a kafaɗa. Ita ce ta fi tsada a cikin ukun, ita kuma zan zaɓa. A yanki tikiti a wurin da hukuma ta tanada, inda farashi ke rubuce, a karɓi rasit, a ɗauki hoton katin masu ɗaukar. Kai da ke tura keke ka fi kowa sanin bambancin mai lasisi da wanda zai sauke hajiya a zagaye na biyar ya ce ya cika bakwai. Ka kuma gaya masa ya kyautata wa mutanen nan, ya saya musu shayi a hanya, kada ya matsa musu su yi sauri. Yawancinsu talakawa ne daga Nepal da ƙauyukan tsaunin, wuyansu suke ci da shi, kuma uwarsa ce a kafaɗarsu. Shi da zai bi a ƙafa, in ayarin alfadarai ya taho ya matsa jikin dutse, kada ya tsaya ta gefen rami.

Amfanin dandi shi ne a hankali ake hawa, yana gefenta yana kallon fuskarta, akwai kuma ƙananan wuraren jinya a zangunan hanya, Jungle Chatti, Bhimbali, Linchauli. Illarta sanyi, don wanda aka ɗauka ba ya motsi, jikinsa ba ya ɗumi. Duk mita dubu da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri shida, da dare a saman kuwa ruwa kan kusa daskarewa ko a Mayu. Riguna uku marasa kauri a kan juna sun fi ƙatuwar guda ɗaya, sai hular ulu, safar hannu, rigar ruwa, da bargo a cinya. Da ni ce, ba zan kwana da ita a can ƙoli ba. Zan kwana a Linchauli, wanda ke ƙasa da ɗakin bautar, in ƙarasa da sassafe, ta yi abin da ya kawo ta, mu juyo mu sauka har ƙasa a ranar. Inda mutum ya kwana shi ke kama shi, fiye da inda ya taka ya dawo.

Jirgin fa? Yana tashi daga Guptkashi da Phata da Sirsi, cikin 'yan mintuna ya dire. Ban ce haramun ba ne a likitance, wanda ya je da jirgin farko ya dawo bayan sa'a biyu sau da yawa yakan sauko kafin ciwon tsauni ya farka. Matsalar ita ce ba kullum ake dawowa ba. Hazo na rufe kwarin cikin ƙanƙanin lokaci, a dakatar da tashi, sai tsohuwar da aka ɗauko daga mita dubu da 'yan kai aka ajiye a 3,583 ta kwana a can, da 'yar jakar hannu, maganinta na dare yana masauki a ƙasa. Kwarin kuma ƙunci gare shi: a Oktoban 2022 jirgi ya faɗi da mutum bakwai, a Yunin 2025 wani ya sake faɗuwa da bakwai, duka cikin rashin kyawun yanayi. In sun zaɓi jirgin, su yi kwanakin Guptkashi tukuna, su nemi tashin safe, su hau da kayan sanyi da maganin kwana uku kamar waɗanda suka san za su kwana.

Ƙananan abubuwan da ke kayar da mai suga su ne na fi gani a Mina, su kuma za su bi ta can. Da yawa cikin masu zuwa Kedarnath kan yi azumi ko su ƙi cin komai sai sun gama ziyara. Wadda ta sha maganin suga ta hau dutse da yunwa za ta faɗi, alamun faɗuwar suga kuma, jiri da rawar jiki da ruɗewa, sun yi kama da na ciwon tsauni. Ya yi mata magana tun a gida, ta nemi sassauci a wurin malamansu, kamar yadda muke gaya wa namu marasa lafiya a Ramadan. Ka haɗa masa dabino kilo guda ya tafi da shi, wannan kyauta ce da ba mai ƙi, ya zuba a aljihu. Na'urar auna suga ba ta son sanyi, ya sa ta cikin riga kusa da jiki, in kuma allurar insulin take yi kada a bari ta daskare, kada a bar ta cikin kayan da aka ɗora wa alfadari. Ta riƙa kurɓar ruwan ɗumi ko ba ta jin ƙishi, tsofaffin mata na ƙin sha ne don gudun neman bayan gida a hanya, na sha faɗa da hajiyoyinmu a kan wannan. Sannan ƙafa. Ana cire takalmi kafin a shiga, a tsaya a kan dutse mai sanyin ƙanƙara. Mu a nan ƙuna muke jinya, alhajin da ya ɓatar da silifa ya taka kwalta da azahar bai ji ba sai da tafin ya saluɓe. Can sanyi ne zai yi aikin. Safa mai kauri biyu, busasshiya a jaka, kowane dare kuma ya duba tsakanin yatsunta da fitila. Ya sayi ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa a ga oksijin, amma ya ɗumama yatsan kafin ya auna, kada kuma lambar ta sa ya ƙi yarda da abin da idonsa ke gani. Ya riƙe tsabar kuɗi, don waya na ɗaukewa. Lambar motar asibiti a can 108 ce, ta gaggawa 112.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi, shi ne kuma dalilin da ya sa na tsawaita. Tun suna Lucknow, a gaban 'yan'uwa, su yi yarjejeniya a kan abin da zai sa a juya. Ciwon kan da bai ji magani da hutu ba, a tsaya, ba ƙarin hawa. Amai da ya ƙi tsayawa, haki alhali tana zaune, tari mai kumfa, leɓe ya yi shuɗi, nauyi a ƙirji, tangaɗi kamar mai maye, magana ba kan gado ko barcin da ba a iya tashinta, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a sauka nan take, ko dare ne, ko ana hango rufin ɗakin bautar. Ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ke kumbura, maganinsa na gaskiya sauka. Oksijin na gwangwani da ake sayarwa a hanya ɗan sauƙi ne na mintuna, ba ya ba da izinin ci gaba.

Na nace a kan a yi wannan magana tun a gida domin a kan dutse ba ta yiwuwa. Uwa za ta ce ta yi alwashi, za ta ce kuɗin da ɗanta ya tara shekara da shekaru a ƙasar mutane kada ya tafi a banza, za ta ɓoye ciwon kai. Ɗa kuma ba ya iya ce wa uwa a'a a wurin ibada. Wata shekara a Mina wani bawan Allah ya kawo mana mahaifinsa da zazzaɓi da ƙafafu a kumbure. Muka ce ya wakilce shi a jifa, shari'a ta ba shi wannan. Tsohon ya kama hannun ɗan yana kuka, ya ce shekara talatin yana jiran wannan rana. Suka fita. Bayan la'asar aka dawo mana da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, bai kwana ba. Ɗan ya zauna a ƙofar tantinmu yana maimaita cewa shi ya san bai kamata ba, kunya ce ta hana shi. Har yau ina ganin fuskarsa. Ka ba abokinka wannan labari yadda na ba ka.

In kuma likita ya ce sam, akwai abin da zai gaya wa mahaifiyarsa wanda daga cikin al'adarsu ya fito. Idan an rufe Kedarnath da sanyi, ana sauko da abin bautarsu cikin ayari zuwa garin Ukhimath, tsallaken kwari daga Guptkashi, a ɗakin bautar Omkareshwar, can ake ci gaba da hidimarsa har wata shida, can ma ake sanar da ranar sake buɗewa. Tsayin garin wajen mita 1,300 ne, mota kuma na kaiwa. Ko hakan ya sauke mata alwashi, wannan tsakaninta da malamansu ne, amma ya sa maganar a kunnenta tun yanzu.

Ka rubuto min bayan sun ga likitan zuciya, ka turo da abin da ya ce da sunayen magungunan da take sha, sai mu daidaita kwanakin a kai.

Gwaggonku, daga Shara Mansur, Makka